Lanti da Tekun da Ya Riƙe Damina

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, ya sa wa kowanne iyakarsa. Ni ce Lanti mai ƙyafar kifi, haifaffiyar Gaɓar Tamburma, garin da ke zaune tsakanin rairayi da Tekun Algaru. Ku gyara zama ku ji abin da ya fitar da ni daga gida ina da shekara arba'in da ɗaya, da abin da na gano a tafiyata, da irin karɓar da aka yi masa.

Garinmu kashi biyu ne, manoma a kan tudu, masunta a bakin ruwa. A ƙuruciyata ruwan sama yakan yi wata uku yana zuba, gero ya yi, a cika rumbuna. Daga baya ya fara ja da baya, har aka kai shekara goma sha tara hadari na tasowa can cikin teku, ya tsaya inda ya tsaya, ya watse muna kallo. Abin da ya ƙara dagula zama shi ne, a cikin waɗannan shekarun ne kifi ya cika tekunmu fiye da yadda kowa ya taɓa gani. Ruwan ya yi sanyi har masunta na fitowa haƙoransu na kaɗawa, amma komar kamun kifi ba ta dawowa wayam. Manoma suna duban rumbunansu babu ko zangarniya, suna duban hayaƙin bandarmu yana tashi safe da yamma. Sai magana ta fara yawo cewa masunta sun ba aljanun teku damina, su kuma an ba su kifi.

Suna da hujja ɗaya da suka riƙe. A shekara ta goma sha biyu Magajin gari ya hana shiga teku wata guda, a wannan shekarar kuwa aka yi ruwa mai kyau. Shekarar da ta biyo ya hana wata biyu, ko ɗigo bai sauka ba, amma wannan babu mai tuna ta.

A shekara ta goma sha tara Sarkin Noma Barmo ya tara mutanen tudu suka je fada. Aka kama yayana Mantau, wanda shi ne Sarkin Ruwa, aka kulle shi, aka yanke cewa idan daminar baɗi ba ta zo ba za a ƙone jiragenmu duka a kore mu daga gaɓar. Na shiga fada da warin hayaƙi a jikina, na durƙusa na ce wa Magaji ban san abin da ya riƙe ruwa ba, amma na san ba mu ba ne.

Ya ce, "Idan ba ku ba ne, wa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in nemo."

Fadawa suka yi dariya. Magaji mutum ne da ba ya son a ce ya yi zalunci, kuma ba ya son a ce ya ƙi jama'a, don haka ya ba ni zuwa faɗuwar damina, yana ganin ba zan dawo ba.

Duk masuntan garinmu mutum ɗaya ne ya yarda ya kai ni, Baba Jatau, tsoho mai ido ɗaya da jirgi mai yoyo. Bai yarda don tausayi ba. Cewa ya yi tunda za a ƙone jirgin, gara ya nutse a hannunsa. Muka loda ruwan sha da banda kwando shida, muka bi gaɓa muka yi kudu.

Kwana goma sha ɗaya muna tafiya muka shiga wani hazo fari mai laima, wanda idan ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. A cikinsa muka ci karo da wani tsibiri na dutse, babu kogi babu rijiya, amma ga lambuna kore shar. Da muka hau muka ga dalili. Mutanen wurin sun kafa dogayen sanduna a kan tsauni, sun shimfiɗa taru tsakaninsu, ba don kifi ba, don hazo. Hazon na ratsa tarun yana barin ɗigo, ɗigon na gangarawa cikin kwatami zuwa randuna. Na tsaya baki buɗe.

Shugabansu ya karɓe mu da fara'a. Na tambaye shi me ya sa su ma ba su da ruwan sama alhali iskarsu jiƙe take. Ya ce iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi takan yi nauyi, ba ta iya tashi sama ta zama hadari, sai dai ta yi ta rarrafe a ƙasa ta zama hazo. Ya ce kakansa ya ba shi labarin zamanin da tekun ke da ɗumi, lokacin babu hazo, ruwa daga sama yake zubo musu. Wannan ne karo na farko da wani ya haɗa mini sanyin teku da rashin damina. Na tambaye shi me ya sanyaya tekun. Ya ce bai sani ba, bai kuma taɓa damuwa ya sani ba. Sannan ya gaya mana, da fara'ar nan dai, cewa baƙon da ya ga tarunsu ba ya barin tsibirin, don kada a koyi sana'ar a zo a ƙwace musu tsaunin.

Wata guda muka yi muna ɗinkin taru, ni ina ƙirga kwanakin da ke zubewa ina cizon yatsa. An sa mutum biyu suna tsaron jirginmu. Na lura mutanen nan ba su san ƙyafa ba, ɗanyen kifi suke shanyawa ya ruɓe musu saboda laima. Na ce zan koya musu, amma sai a bakin ruwa inda iska ke kaɗawa. Suka taru da hantsi, na haɗa wuta babba kusa da jirgin, na yi ta zuba mata ɗanyen ganye da jiƙaƙƙiyar ciyawar teku. Hayaƙi ya gauraya da hazo, kowa ya kama tari yana murza ido. Ni na saba da hayaƙi tun ina 'yar shekara bakwai. Na kama hannun Baba Jatau muka faɗa jirgi. Muna jin su suna kiran juna a baya, ba su san ta ina muka bi ba. Abin da Baba Jatau ya ce kawai shi ne na bar musu kwando biyu na bandarmu a banza.

Daga nan muka yi yamma, muka nufi tsakiyar teku, domin ina so in ga inda sanyin ya ƙare. A kwana na ashirin muka gan shi da idonmu. Ruwan da muke ciki kore ne, gabanmu kuma shuɗi, tsakaninsu layi kamar an ja da sanda, kumfa da tarkace na juyawa a kansa. Na sa hannun dama a wannan ɓari na ji sanyi, jirgi ya gota kaɗan na sa na hagu na ji ɗumi kamar ruwan wankan jego da ya huce. Sama da ruwan shuɗin kuwa gizagizai ne suka hau kan juna har ba a ganin ƙarshensu. Duk daminar da muka yi shekara goma sha tara muna roƙo, ga ta nan tsaye tana zuba a cikin teku inda babu ko shuka ɗaya. Na zauna a cikin jirgi na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, na haushi.

Ruwan sama ya yi ta dukanmu har muka isa ɗaya gaɓar, ƙasar da ake kira Wargaza. Can ganuwa ta narke, gidaje sun hau kan turaku, hatsi na tsira tun yana kan kara. Shekarunsu goma sha tara ke nan cikin ambaliya. A kasuwarsu na ga wasu mutane bakwai ɗaure a turke, ruwa na zuba a kansu. Na tambaya aka ce maƙera ne, ƙarar guduma da tartsatsin wutarsu ne ke kiran tsawa, shi ya sa ruwa ya ƙi tsayawa. Na ce musu a ƙasarmu akwai maƙera suna ƙira kullum, amma shekara goma sha tara ba mu ga ruwa ba. Da na sani da na yi shiru. Nan take suka ce ashe ni ce na turo musu rabonmu, suka kama mu suka kai gaban sarauniyarsu.

Na ga gardama ba za ta fisshe ni ba. Na ce wa sarauniya haka ne, ruwanmu ne ya ɓato, na zo in kora shi gida, amma ba ya bin mutum sai da ƙarar ƙarfe a gabansa. Ta ba ni maƙeran bakwai da jirgi babba da guzuri, tana murna. Da muka yi nisan yini biyu na sauke su a wani tsibiri mai itatuwa inda danginsu suka riga suka gudu, na bar musu babban jirgin, muka koma namu da muka janyo a baya. Har yau ƙaryar nan tana damuna, domin na bar mutanen Wargaza da wautarsu, na ma ƙara mata ƙarfi. Babban maƙeran ne ya saka mini. Ya ce idan sanin teku nake nema in tafi Dutsen Kwakwa, wanda ke cikin koren ruwa kusa da layin nan, in nemi wata tsohuwa Inna Ajuji.

Mun same ta zaune a kan wani falalen dutse da ya leƙa cikin teku, riƙe da igiya kamar mai fatsa. Na gaishe ta ba ta amsa ba sai da ta janyo igiyar. A bakinta ƙaramin gora ne. Ta buɗe ta leƙa, ta nuna mini. Man kwakwa ne a ciki, ya daskare fari fat. Ta ce man kwakwa ba ya ƙarya, idan ruwa na da sanyi ya daskare, idan da ɗumi ya narke. Kowace safiya takan saka shi a wuri ɗaya, zurfi ɗaya. Idan shekara ta ƙare ta duba wanne ya fi yawa, ta ƙulla ƙulli ɗaya a wata doguwar igiya, fari idan daskarewa ta rinjaya, ja idan narkewa ce. Uwarta ta yi, kakarta ta yi, ita ce ta tara a jerin.

Ta kai ni kogon da igiyar take, muka warware ta a ƙasa. Farare suka jeru kusan talatin, jajaye suka biyo kusan talatin, farare suka dawo, haka har ƙarshe. Wani jerin ya kai talatin da biyar, wani bai wuce ashirin da huɗu ba. Nan da can akwai ja ɗaya tilo a tsakiyar farare. Na bi na ƙarshen da yatsa ina ƙirgawa, farare goma sha ɗaya, ja ɗaya, sannan farare. Wannan jan shi ne shekarar da aka hana mu shiga teku aka yi ruwa.

Ta ce teku kamar ruwa ne a cikin babbar ƙwarya da aka ɗauka a ka. Ɗumin yakan taru a ɓari ɗaya ya daɗe, sannan a hankali ya koma ɗayan, hadari kuma ɗumi yake bi. Idan yana wajen Wargaza su sha ambaliya mu sha fari, kifi ya zo mana saboda ruwan sanyi ne ke tasowa daga ƙasa da abincinsa. Idan ya juyo, komai ya juya.

Na ce, "Inna, wa ke karkata ƙwaryar?"

Ta ce, "Mu tara muka zauna a dutsen nan, babu wadda ta gan shi."

"To yaushe zai juyo mana?"

"Ko shekara biyar, ko goma sha biyar."

Na ce mata yayana na kulle, wata biyu ya rage a ƙone mana jirage, ba zan iya komawa da ko biyar ko goma sha biyar ba. Ta ce ita ma da ta san ranar da ta faɗa. Na roƙe ta ta ba ni igiyar, ta ƙi. Na yi kuka, na yi fushi, na ce mata zaman me suke yi shekara ɗari biyu da wani abu suna ƙulle-ƙulle idan ba zai ceci kowa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini zare fari da ja ta ce in kwafa. Idona ba na ƙirga ba ne, sau uku ina kuskure tana sa ni in kwance daga farko. Kwana goma sha shida na yi a kogon nan, Baba Jatau na waje yana zagin iska, yana zagina, yana zagin kwakwa.

Mun iso Gaɓar Tamburma lokacin damina ya shiga da kwana tara, sama fes. An riga an janyo jiragenmu an tara su a fili, an jibga musu kara. Na wuce fada kai tsaye da igiyata a kafaɗa. Da na shimfiɗa ta na yi bayani, aka yi dariyar da ta fi ta farko. Sarkin Noma Barmo ya ce an aiki mace neman ɓarawon ruwa ta dawo da abin ɗaure akuya, kuma wa ya san ko a bayan gari ta zauna ta ƙulla.

Na roƙi Magaji a kirawo tsofaffin tudu, ba na bakin ruwa ba, nasu na manoma. Aka kawo uku, cikinsu har da gwaggon Barmo ɗin kansa, makauniya da aka ɗauko a kan jaki. Na ce ba zan tambaye su komai ba, ni zan faɗa, su ce gaskiya ko ƙarya. Na bi ƙulli na ce shekara arba'in da takwas da suka wuce aka fita daga wani dogon fari. Tsohuwar ta ce shekarar aurenta ke nan, ranar da aka kai ta ɗaki rufin ya zubo. Na ce kafin nan an yi fari na shekara ashirin da bakwai, da damina ɗaya mai kyau a shekara ta tara. Ta ce a wannan daminar aka haifi ƙanenta, shi ya sa aka sa masa Anaruwa. Ta ƙara da cewa a wancan farin ma kifi ya yi yawa, da shi uwarta ta raine su, kuma a lokacin majema aka kora daga gari aka ce warin fatunsu ke korar hadari.

Na ɗauka na gama. Sai Barmo ya ce, "To mun ji. Yaushe za a yi ruwa?"

Da na ce baɗi, da an ɗauke ni a kafaɗa. Na duba yayana da aka fito da shi, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Na ce, "Ban sani ba. Zai iya kai shekara goma, ko ya fi."

Wuri ya kaure. Wasu suka ce baki na yi wa gari, wasu suka ce a haɗa ni da jiragen. Kafin Magaji ya tsawatar wani ya riga ya cinna wuta a gefe, jirage huɗu suka ci, har da na Baba Jatau da ya kai ni ya dawo da ni, wanda muna sauka aka janyo shi cikinsu. Barmo ne ya sa aka kashe wutar. Na je in yi masa godiya ya ce kada in gode, shi bai yarda da igiyata ba. Amma idan ta tabbata shekara goma ce, jikokinsa kifi za su ci, kuma toka ba ta kamo kifi. Aka saki Mantau a kan haka. Babu wanda ya ce mana a yi haƙuri.

Na gaya musu labarin tarun hazo, mutum biyu kawai suka gwada. Na ce a haƙa tafkuna a daɓe su tun yanzu, don ranar da ruwa zai dawo da ƙarfi zai dawo, kuma a daina gini a cikin busasshen kwari. Aka ce wadda ta ce babu ruwa ita ce kuma ke cewa a yi shirin ambaliya. Na samo man kwakwa daga fatake na fara saka gorana kowace safiya, yara suna bina suna kirana mai fatsar mai.

Shekara goma sha ɗaya aka ƙara. A ta goma sha biyu man ya fara fitowa a narke, kwana bayan kwana. Na bi gida gida a cikin kwari ina faɗa, gida shida suka tashi, sauran suka rufe mini ƙofa. Ruwan da aka yi a wannan daminar ya tafi da gida talatin da ɗaya. Bayansa tudu ya yi kore, gero ya fi mutum tsawo, aka yi ta kiɗa. Aka ce addu'ar sabon limami ce ta karɓu, ban kuwa yi musu ba, domin ni ma na yi addu'ar.

Kifi kuma ya tafi. Shekara ta farko koma na dawowa da rabi, ta uku sai ciyawa. Bandata ta mutu, na koma sayen hatsi a hannun waɗanda a da suke zuwa roƙon kan kifi a ƙofata. Wata ranar kasuwa da la'asar ina tsince wake, sai ga yayana Mantau ya shigo da dattawan masunta biyar a bayansa. Ya zauna ya yi gyaran murya. Ya ce sun yi shawara, sun gano manoma ne suka binne wani abu a bakin teku ya kori kifi, za su je fada gobe, suna so in je in yi musu magana tunda ni bakina ya saba da wurin.

Na dube shi. Mutumin nan saboda shi na sha hayaƙi da ruwan Wargaza da kwana goma sha shida a kogo.

Na ce, "Yaya, wata nawa ka yi a kulle?"

Ya ce, "Wannan daban. Mu ƙarya aka yi mana."

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko fartanyar da na saya a makon nan, na ajiye a gabansa. Na ce masa kifi ba zai dawo ba sai jikansa ya yi gemu, kuma Barmo ya ce akwai fili a bayan tudu ga duk masuncin da ke so. Ya tashi ya fita bai taɓa ta ba, dattawan suka bi shi. Sun je fada, ni ban je ba.

Bayan kwana tara, da sassafe ina dawowa daga bakin ruwa, na tarar fartanyar ba ta inda na jingine ta. Matarsa ce ta gaya mini ya aiko an ɗauka, ya ce a faɗa mini ƙotar ta yi masa gajarta.

Iyakar abin da na gani ke nan, ni Lanti, kuma iyakar abin da na iya. Wanda ya ji ya riƙe, Allah ya sa ya fi mutanen garinmu riƙo.